Bugun Farko

Ranar Asabar da hantsi aka ga igiya tana lilo ita kaɗai a jikin itacen bedin makaranta, ƙarfen da take riƙe da shi babu shi. Kafin a tuna da ni, wallahi rabin gari ya riga ya tattake wurin. Haka mutanenmu suke. Sai kowa ya zo ya leƙa, ya zagaya, ya tofa albarkacin bakinsa, awaki ma sun sa ƙafarsu, sannan wani ya ce a kira Baba Tayyib ya duba sawu. To sawun wa zan duba? Na mai gari?

Bin sawu ne aikina tun ina saurayi. A da, in an kore wa mutum sa ko jaki, nakan bi har ƙofar gidan ɓarawo, mu gaisa, ya fito da abin mutane. Yanzu duk sawun da na ɗauka a ƙasar Ruma sai ya kai ni bakin daji, in tsaya in kalli itatuwa, in juyo in ba mai kaya haƙuri. Gwiwoyina sun gaji da wannan tafiya, zuciyata ta fi su gajiya.

Ƙarfen nan tsohon wilin a-kori-kura ne. Da shi ake shiga aji, da shi ake fita tara, da shi ake tashi. Bara da kaka, ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da rana tsaka, shi hedimasta ya yi ta duka babu tsayawa har mutanen gona suka ji suka rugo. Duk da haka an kashe maigadi, an kashe yaro ɗaya. Da aka sake buɗe makarantar bana, sai muka zauna dukkanmu muka tsara: in an buga a hankali, ɗaya bayan ɗaya, na makaranta ne. In an buga da sauri babu ƙaƙƙautawa, ɓarayi ne, maza su fito, yara su kwanta rub da ciki su ɗora hannu a ka. An koya musu har sun iya. Saboda haka wanda ya ɗauke ƙarfen nan bakin gari ya rufe.

"Infoma ne," in ji Mannir, shugaban 'yan sa-kai, yana gyara bindiga a kafaɗa. "An cire shi ne don ranar da za su dawo kar kowa ya ji. Kuma ba sai ka wahala ba, Baba. Mun riga mun kama shi."

"Wa kuka kama?"

"Lado. Ga sawun shanunsa nan bayan makaranta, makaho ma ya gani. Bayan la'asar za mu kai shi Batsari."

Duk wanda ke tsaye a nan ya san ba kowa ne ake ɗora wa babur a ce za a kai shi Batsari ya isa Batsari ba. Lado kuwa Bafulatani ne, rugarsa ita kaɗai ta rage mana a gefen gari. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma tun da abin nan ya fara, kowa da gefen ido yake gaishe shi.

Na je na durƙusa gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

Ya dubi Mannir kafin ya dube ni, abin da ya ƙona min rai. Sannan ya ce, "An ba ka. Amma ka ga yadda gari yake, Tayyib. Bayan nan ba ni da ta cewa."

*

Na fara da hedimasta, Malam Almustapha. Na same shi a ofishinsa zaune, ya zuba wa bango ido. Muka gaisa, na tambayi gajiya, na tambayi iyali da ke can Batsari, sannan na tambaye shi ganinsa na ƙarshe da ƙarfen.

"Jiya da na buga tashi. Daga nan muka tafi sallar Juma'a da sauran maza. Ka san garin nan in an tafi Juma'a, sai mata da yara."

"Wa ke da ikon taɓa shi?"

"Ni kaɗai nake bugawa." Ya ɗaga hannunsa na dama ya duba, ya mai da shi ƙarƙashin tebur. "Baba, da ƙyar muka lallashi iyaye suka dawo da yaran nan. In Litinin ta yi ana cewa infoma ya shiga makaranta, ko ɗaya ba zai zo ba. Ni kuma a mai da ni Batsari in zauna."

Da na fito na ga tabarmi a shanye kan shinge, da wasu 'yan zannuwa. Malama Zuwairatu ce ke juya su. Ita ce malamar aji huɗu, daga Safana aka turo ta, doguwar mace marar son dogon zance.

"Malama, wanki ranar Asabar?"

"Na jiya ne, Baba, ba su bushe ba. Fitsarin yara ne."

"'Yan aji huɗu?"

"Tun bara haka suke. Nakan ajiye zani a aji, in rufa wa yarinya asiri kafin 'yan uwanta su gani."

Na tambaye ta ko ta ga wani baƙo a makaranta cikin makon nan. Ta ce a'a. Na ce ko tana zargin wani. Ta matse gefen tabarma, ta ce, "Ni dai ban yi kewar ƙarfen ba. Amma kar ka faɗa wa Mannir, ya ɗaure ni kusa da Lado."

Na duba ƙafarta, don ba na iya hana idona. Silifas ne ƙanana masu lanƙwasasshen dunduniya, kuma ban ga irinsu a gindin bedin ba. Abin da na gani a gindin bedin shi ne igiyar kwance ta aka yi, ba yanka ta aka yi ba, kuma wanda ya kwance ya sha fama, don ƙullin duk ya tsattsage. Sauran kuwa sawun mutanen gari ne da na yara birjik. Makaranta ce, dole a ga sawun yara. Ban ko tsaya kansu ba.

*

Mutane sun yi ta raɗa min sunan Armaya'u ɗan gwangwan, wai an ga sawun babur a bakin shinge, kuma wa ke son tsohon ƙarfe in ba shi ba? Na taka har rumfarsa. Na tarar yana bubbuga wata tukunya da ta huje.

"Baba Tayyib! Ai tun safe nake jiranka. In akuya ta ɓace a nemi mahauci, in ƙarfe ya ɓace a nemi Armaya'u. Bismillah, zazzage buhunan."

"Ina ka yini jiya?"

"Asibitin Batsari, matata ta sauka. Namiji ne, ka zo suna." Ya ajiye guduma. "Haba Baba. Ƙarfen da duk garin nan ya san muryarsa? In na ɗora shi a babur ya yi ƙara ɗaya a hanya, ai kafin in kai kwalta an harbe ni."

Na duba tayar babur ɗinsa ta baya, ta cinye sumul, ko zane babu. Sawun bakin shinge kuwa na sabuwar taya ne mai haƙora. Na san mai ita. Ɗaya daga cikin yaran Mannir ne da ya zo kallo da safen nan. Na yi wa Armaya'u barka, na juya ina tsaki. Rana ta riga ta take tsaka, ni kuwa ban ƙulla komai ba.

*

A wani kangon shago suka ajiye Lado. Sun ɗaure masa hannu ta baya da igiyar roba, sun kumbura masa ido ɗaya. Na ce wa yaron da ke gadi ya ba mu wuri, ya yi min kallon banza, na ce masa na san ranar da aka yi masa kaciya, ya fita.

"Lado, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba Tayyib. Ya gida? Ya ƙafa?"

Mutum a ɗaure yana tambayata ƙafa. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

"Ka bi da shanu bayan makaranta jiya?"

"Na bi."

"Mi ya kai ka? Babu ciyawa a nan, kuma ba hanyar rugarka ba ce."

Ya juya fuskarsa bango.

"Na duba wurin, Lado. Ba wucewa ka yi ba. Ka kai su, ka dawo da su, ka sake kai su, har ƙasar ta koma kamar an yi sussuka a kai. Ni da kai mun san wanda ke yin haka. Mai share sawu ne. Sawun wa ka share?"

"Ka san ni, Baba."

"Na san ka. Mannir ne bai san ka ba yau. Ka ba ni kalma ɗaya in fita da ita."

Ya sunkuyar da kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na zage shi, Allah Ya yafe min. Na ce wannan fulakon nasa kabari zai kai shi. Ko uffan bai ce ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron da aka kashe bara a makarantar nan nasa ne, Usaini, ɗan tagwayen ɗiyarsa Hassana. Mu muka yi masa sallah. Gari ya manta da wannan cikin safiya ɗaya. Amma ga shi ni ma na fito daga shagon nan ina tambayar kaina ko Mannir ne ke da gaskiya. Mutum ba ya ɓoye sawu don Allah.

*

Na yi azahar ni kaɗai a gindin wata ɗorawa, na koma bayan makaranta. In an tattake maka sawu, ba a tsakiya ake nemansa ba. Gefe ake bi, a zagaya da nisa, don komai yawan shanu akwai inda suka tsaya. Na bi gefen gonar wake, na bi ta cikin sabara, ƙaya tana jan rigata, har na kai gangaren da ke sauka ƙorama. An yi ruwa ranar Alhamis, ƙasar tana da sauran danshi.

A nan na gan shi. Layi biyu siririya a jere, suna tafiya tare, suna karkacewa tare. Bakin wili ne. Ashe ba ɗaukarsa aka yi ba, gara shi aka yi, yadda ake wasan gare. Kuma masu garawar ba su da ƙarfi, don nan da can sai ya faɗi, a yi ta fama a tayar. Hagu da dama da layin, ƙananan ƙafafu ne, wasu da silifas, wasu babu takalmi. Irin sawun da na yini ina tsallakewa.

Na ce a raina wataƙila bayan ɓarawo suka bi, yara da son kallo. Na ci gaba da sauka. A ƙasan gangaren akwai wani dutse da ya fito daga cikin rairayi, jikinsa da sabon ƙwarzane. Nan wilin ya ƙwace musu ya gangara ya daki dutsen. Ƙarfe irin wannan in ya daki dutse, kowa ya san ƙarar da zai yi.

Sai na duba rairayin da ke gefe.

Siffar mutane ce kwance a jiƙaƙƙen rairayi, guda shida, ƙanana. Ga gurbin gwiwa, ga gurbin ciki, ga inda goshi ya nutse, ga gwiwar hannu a buɗe ta kowane gefe saboda tafin yana kan ƙeya. Babu wanda ya gudu. Inda ƙarar ta same su, nan kowa ya zube rub da ciki. Na bi ɓarayi iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin ɓarawon da abin da ya sata ya yi ƙara ya kwanta ya rufe kai ba. Wannan kwanciyar a wuri ɗaya ake koyar da ita, kuma mu muka ce a koyar.

Daga nan layin ya canza, ya yi faɗi ya dushe, alamar sun naɗe shi da tsumma kafin su ci gaba. Bai yi nisa ba. Bayan wata bishiyar geza na tarar da tudun rairayi sabo, an jera masa ƙaya a kai yadda ake yi wa sabon kabari. Na tona da hannu kaɗan, na taɓo farin hijabin makaranta, ƙarfe a cikinsa.

Na zauna a wurin na yi kuka, ni tsoho. Ba na jin kunyar faɗa.

*

Ban tara gari ba. Mutum biyu na kira, Mannir da Malama Zuwairatu. Mannir ya taho yana mita, wai ina ɓata masa lokaci, yaransa sun riga sun zuba wa babur mai.

"Taka inda na taka," na ce masa. "In ka ɓata min wurin nan, sai na ci mutuncinka gaban yaranka."

Na nuna musu layin, na nuna dutsen, sannan na matsa gefe. Malama ce ta fara ganewa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta durƙusa. Mannir ya daɗe yana kallo.

"Yara?" ya ce. "To wa ya sa su? Ai sa su aka yi."

"Zo ka ga wanda ke gaba."

Akwai sawu ɗaya da ya ja tafiyar tun daga gangare. Ƙafar dama tana taka ƙasa sosai, ta hagu tana shiga ciki tana jan yatsa. Duk garin nan yarinya ɗaya ce ke tafiya haka, tun ranar harin bara da ta diro ta tagar aji ta karye. Mubina ce, ɗiyar Mannir.

Kusa da gurbin Mubina akwai wani, sun kusa haɗa kafaɗa, kuma a wuyan hannun mai shi awarwaro sun bar zobe-zobe a rairayi, irin na 'yan matan ruga. Na san ko ɗiyar wa ce. Kafin idon Mannir ya kai wurin, na ɗora ƙafata a kai na tsaya. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafar ce ta tafi.

Shi kuwa bai ma duba ba. Ya tsuguna gaban gurbin ɗiyarsa, ya sa tafinsa a inda goshinta ya nutse. Can sai ya miƙe a fusace. "Wallahi yau sai na..."

"Ba za ka taɓa ta ba," in ji Malama. Ba ta ɗaga murya ba. "Ba wanda zai taɓa ko ɗaya. Kuma ba za a tsai da su gaban maza ana yi musu tambaya ba. Ni zan je in zauna da su. Kai dai ka faɗa min, a gida tana barci?"

Mannir ya kau da kai. "Ƙarƙashin gadon uwarta take kwana," ya ce. "Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Na ɗauka iska ce."

*

A ajin Malama muka taru, rana ta fara karkata. Mai gari a kan kujerar malami, hedimasta a tsaye, Armaya'u da ya zo ba a gayyace shi ba, da dattawa kaɗan. Aka shigo da Lado har yanzu a ɗaure, aka zaunar da shi kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ƙarfen yana tsakar aji cikin hijabansa. Wani ya kai hannu zai kwance, na buge hannun.

Na faɗi abin da ƙasa ta nuna min, ban ƙara ba. Na ce ba Armaya'u ba ne, ya ce, "Alhamdu lillahi, a rubuta." Na ce ba baƙo ba ne, ba infoma ba ne. Yaranmu ne, ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci. Aka fara hayaniya, wani yana cewa ƙarya ne, wani yana cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya, a kawo su a zane su.

Ana cikin haka Malama ta shigo. Ta tsaya bakin ƙofa har aka yi shiru.

"Na zauna da su a ɗakin uwar Mubina," ta ce. "Ban tambaye su wa ya yi ba. Na ce su ba ni labarin ƙarfen. Mubina ce ta yi magana. Zan faɗa muku yadda ta faɗa. Ta ce, 'Malama, ku manya kun ce bugun makaranta daban, na ɓarayi daban. Amma na farkon iri ɗaya ne. In an buga na farko ba mu san ko wanne ne ba. Sai mu riƙe numfashi mu jira na biyu. In ya daɗe bai zo ba, tara ce. In ya zo da sauri, su ne.' Ta ce a wannan jiran ne fitsari ke zubo musu. Da safe haka, da tara haka, da tashi haka, kullum. Ta ce sun gaji, shi ya sa suka kai shi inda ba zai ƙara magana ba."

Malam Almustapha ya jingina da allo, alli ya ɓata masa riga.

"Ni ma haka nake ji," ya ce a hankali. "Ni da nake riƙe da sandar, na san wanne zan buga, amma in na sauke na farko sai in riƙe numfashi. Na ɗauka ni kaɗai ne. Ina jin kunyar in faɗa."

Mannir yana tsaye a lungu. Wani dattijo ya tambaya ko yaran wa da wa ne. Mannir ya ce, "Tawa ce ta ja su. Mai son dukan yaro ya fara da ni." Ba a sake tambaya ba.

Sauran maganar ba ta yi tsawo ba, don kowa ya gaji. Aka ce ƙarfen a mai da shi ƙofar mai gari, nesa da makaranta, kar a ƙara taɓa shi sai in ɓarayi ne. Hedimasta ya ce shi da bakinsa zai riƙa bi aji-aji yana cewa a fita tara. Malama ta ce a bar yaran su zaɓi waƙar da za su riƙa tashi da ita, kuma kowace safiya za ta ɗauki ɗan lokaci ta zauna da su a tabarma, mai son magana ya yi, marar so a ƙyale shi. Ta ce ta ji akwai waɗanda aka koya wa zama da yaran da suka ga irin wannan abu, za ta je ta nemo su ko a Safana ko a Katsina. "In sun yarda sun biyo hanyar nan," ta ce. "In ba su yarda ba, mu ne dai."

Sai a lokacin mai gari ya tuna. "Af, a kwance Lado mana."

Mannir da kansa ya ciro wuƙa ya yanke igiyar. Robar ta shige cikin fata, hannuwan sun kumbura sun yi baƙi. Ya tsaya gabansa ya ce, "Ka yi haƙuri, Lado. Ka ga yadda zamani ya zama."

"Ba komai," in ji Lado.

Ni ban iya barin ta haka ba. Na sha gabansa a bakin ƙofa, mutane suna tsaye suna ji.

"Ka gan su, ko?"

"Na gan su. Ina kiwo a tsallaken ƙorama. Na ji ƙarar, ni ma sai da na tsuguna. Da na ɗaga kai na ga yara kwance cikin rairayi, ba wanda ya kore su, ba wanda ya harbe su, suna ta rawar jiki. Hassana ce ta fara tashi, ta ɗaga Mubina. Da suka tafi, na kora shanu na bi bayansu."

"To mi ya hana ka faɗa, bawan Allah? Kalma ɗaya! Da tun safe kana rugarka. Saura kaɗan a ɗora ka a babur."

Ya dubi hannuwansa, ya gwada dunƙule su, suka ƙi. Sannan ya dube ni da idon nan ɗaya da ya rage a buɗe.

"In na ce yara ne, Baba, za a ce yaran wa. Ɗiyar Mannir, za a ce yarinta ce. Tawa, za a ce aiko ta aka yi. Na riga na binne ɗaya a garin nan. Gara a kai ni Batsari."

Na juya na dubi mai gari. Na dubi Mannir, na dubi dattawan da suka yi wa Usaini sallah tare da ni. Ina jiran ko mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce masa ba haka ba ne. Lado ma ya ɗan tsaya, ina jin shi ma jiran yake yi.

Ladan ya kira la'asar muna nan tsaye. Babu wanda ya ce masa ba haka ba ne. Ni ma ban ce ba.